Kiwon Ƙwarin Ruwa A Gida: Shirme Ne Ko Ilmi?

Bahaushe mutum ne mai son kiwo. Da wuya ka shiga gida, a birni ko a ƙauye, ba ka tarar da akurkin kaji ko turken akuya ba. Samari suna kiwon tantabaru, wasu zomaye, wasu kuma su rataye kejin kanari a zaure don su riƙa jin kukansa da safe. Duk wannan ba wanda ke mamakinsa. Amma da yaro zai shigo gida da kwalba cike da ruwan kududdufi, ya ce ƙwaro ne a ciki zai kiwata, na tabbata kafin ya rufe baki an ce ya fita da ƙazantarsa, wataƙila ma a tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau.

Ni kuwa a nawa ɗan tunanin, wannan kiwo ya cancanci a ba shi wuri a gidajenmu. Saboda haka ina roƙon iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai su ba ni aron hankalinsu in faɗi dalilaina. Akwai haɗari a cikin abin, kuma zan faɗe shi yadda yake. Abin da nake so mu yarda da shi a ƙarshe shi ne, a bar yara su yi kiwon, amma bisa sharuɗɗa.

Da farko bari mu san waɗanda ake magana a kansu. Kowane kududdufi da ruwan sama ya cika, da kowace fadama, gari ne guda mai cike da jama'a, sai dai mu ba mu tsayawa mu duba. A saman ruwan akwai wani siririn ƙwaro mai dogayen ƙafafu da ke gudu a kan ruwa kamar a kan daɓe. Ƙananan gashin da ke ƙafafunsa ba su jiƙewa, shi ya sa ba ya nutsewa. Akwai wasu 'yan baƙaƙe masu ƙyalli da ke ta juyi a gungu kamar sun sha wani abu. Su idonsu a rabe yake gida biyu, rabi yana duban sama, rabi yana duban cikin ruwa. Akwai mai iyo a rigingine, yana tuƙa kansa da ƙafafun baya kamar mai kwalekwale. A can ƙasa kuma akwai buzuzun ruwa, mai santsin baya, wanda ke ɗebo iska ya ɓoye a ƙarƙashin fikafikansa ya nutse da ita. In ta ƙare sai ya taso, ya turo gindinsa sama, ya sake ɗiba. Irinsa kaɗai masana sun ƙirga fiye da iri 4,000 a duniya.

Babbansu duka shi ne wani faffaɗan ƙwaro mai ruwan ƙasa, wanda tsawonsa kan kai yatsan babban mutum. Da damina yakan taso da dare ya faɗo a gindin fitilar lantarki, kuma na san da yawa daga cikinmu sun taɓa ganinsa a bakin ɗakin karatu ba su san daga ruwa ya fito ba. Yana da ƙafafun gaba masu kama da lauje da baki mai tsini, yana kama ƙananan kifaye da 'ya'yan kwaɗi ya tsotse su. A cikin danginsa akwai waɗanda macen ke manna ƙwai a bayan namijin, shi ya yi ta goyo har su ƙyanƙyashe.

Amma wanda ya fi dacewa da mai fara kiwo shi ne ɗan mazari. Kowa ya san mazari, ƙwaron nan mai fikafikai huɗu da dogon jiki da manyan idanu, da ke shawagi a bakin ruwa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙuruciyarsa duk a cikin ruwa yake yin ta. Uwar takan saki ƙwanta a ruwa, ɗan ya fito ba fiffike, launinsa kamar taɓo, yana rarrafe a ƙasan kududdufi. Wanda ya gan shi ba zai taɓa cewa ɗan mazari ne ba.

Dalilina na farko shi ne abin da Hausawa suka ce, gani ya kori ji. A darasin ilmin halittu an koya mana yadda ƙwari ke rikiɗa daga ƙwai har su girma. Mun kwafe zanen daga allo, mun haddace sunayen da Turanci, mun zuba su a takardar jarrabawa. To, amma in aka tara mu aka ce wanda ya taɓa ganin rikiɗar nan da idonsa ya ɗaga hannu, mutum nawa za a samu? Karatun da aka haddace ba a gani ba kamar ruwa ne a kwando, ana gama jarrabawa ya zube.

Damina biyu ke nan ina kiwon 'ya'yan mazari a lokacin dogon hutu, kuma abin da na gani a kwalba ba na jin zan manta da shi. Leɓensa na ƙasa dogo ne, a naɗe yake a ƙarƙashin fuska kamar hannun da aka lanƙwashe. In tsutsa ta gifta, sai ya cilla leɓen nan ya cafko ta, da saurin da ido ba ya iya bi. Numfashinsa kuwa ta gindi yake yi: yana zuƙar ruwa ta nan, ya tace iskar da ke ciki, ya fesar. In ya tsorata sai ya feso ruwan da ƙarfi, ya yi gaba kamar an harba kibiya. Fatarsa ba ta girma tare da shi, don haka yakan yi saɓa kamar maciji, sau goma ko fiye, kuma bayan kowace saɓa za ka ga 'yan kumburin fikafikai a bayansa sun ƙara tsawo.

Ranar da ya isa fita, sai ya daina cin abinci. Da dare ko da asuba ya hau karan da aka kafa masa, ya fito daga ruwa, ya riƙe kam. Can sai bayansa ya tsage, kai ya fito, ƙirji ya biyo, ya yi reto kansa a ƙasa yana hutawa, sa'an nan ya yunƙura ya zaro sauran jikin. Fikafikan a cukuikuye suke kamar tsumma, amma kana kallo suna miƙewa har su zama kamar gilashi. Rana tana ɗagawa ya tashi, ya bar tsohuwar rigarsa manne a jikin kara. Ƙannena da suka ga wannan, har yau in mazari ya gifta sai sun ce ga ɗan gidanmu can. Ba a taɓa koya musu kalmar rikiɗa a aji ba, amma sun san ta fiye da wanda ya haddace.

Kada kuma a raina wannan ƙwaro don an same shi a kududdufin bayan gida. Akwai wani irin mazari mai ruwan ɗorawa da ke bin ruwan sama daga ƙasa zuwa ƙasa, ana samunsa a nan Afirka da Asiya da Amurka. Ɗansa yakan gama girma cikin ƙasa da wata biyu, kafin kududdufin ya ƙafe. A 2009 wani masani mai suna Charles Anderson, wanda ke zaune a tsibiran Maldives, ya bayyana cewa irin wannan mazari yana tasowa daga Indiya ya ƙetare teku, tafiyar dubban kilomitoci, har gabashin Afirka. Ashe abin da muke kora da tsumagiya matafiyi ne da ya fi yawancinmu sanin duniya.

Dalilina na biyu ya fi na farko nauyi, domin ya shafi rai. Sauro ma ƙwaron ruwa ne. A ruwa macen ke ƙwai, a ruwa tsutsar ke girma, ta yi saɓa sau huɗu, ta dunƙule kamar waƙafi, sa'an nan sauro ya fito. A lokacin zafi duk wannan bai wuce mako ɗaya zuwa biyu ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2023 an sami kamuwa da zazzaɓin cizon sauro wajen miliyan 263 a duniya, mutum kusan 597,000 suka rasu. Kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwar a Nijeriya suke, haka kuma kusan kashi uku cikin goma na waɗanda suka rasu, yawancinsu ƙananan yara. Ba sai na tsaya ba kowa labarin wannan ciwo ba. Duk wanda ya kwana a ɗakin shan magani na makaranta yana rawar ɗari ya san shi.

Ta yaya ma aka gane sauro ne ke kawo shi? Ta hanyar kiwon ƙwarin ruwa a kwalba. A da Turawa suna zaton mugun warin fadama ne ke sa zazzaɓin, har sunan da suka ba shi ma daga harshen Italiya yake, ma'anarsa mummunar iska. Wani likitan soja Baturen Ingila, Ronald Ross, yana aiki a garin Secunderabad na ƙasar Indiya, shi ya sa aka riƙa ɗebo masa tsutsotsi daga ruwa, yana renonsu har su zama sauro. Ya bari suka ciji mai zazzaɓi, sa'an nan ya riƙa feɗe su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin likita. Ranar 20 ga Agusta, 1897, ya ga ƙwayar cutar a jikin tumbin sauro. A 1902 aka ba shi kyautar Nobel. Da an ce masa ya fita da ƙazantarsa ya kuwa fita, Allah kaɗai ya san shekara nawa za a ƙara ana zargin iska.

To, ɗan mazari ba abin da yake so kamar tsutsar sauro, kuma ba ya cin mushe, sai mai motsi. Saboda haka duk yaron da ke kiwonsa dole ya zama mafarauci. Kullum sai ya zagaya gida da bayan gida yana leƙa tsohuwar taya, da gwangwanin da aka yar, da fasasshen tulu, da kaskon ruwan kaji, da 'yan ramukan da ruwan sama ya kwanta. In ya sami tsutsa ya kwashe ta ya kai wa abin kiwonsa, ya kifar da sauran ruwan. Cikin mako guda zai san duk wata maɓoyar sauro da ke gidansu, abin da ba ya yi ko an aike shi. Har ma zai koyi bambance su. Tsutsar da ke kwanciya a miƙe daidai da fuskar ruwa, ita ce ta sauron da ke kawo zazzaɓi, kuma ta fi son 'yan kwatamai masu ruwan sama da rana ke duka. Wadda ke rataye kanta a ƙasa kuwa ta wasu irin sauro ce, cikinsu har da mai kawo shawara, wanda ke son taya da gwangwani da randa.

Wannan dabara an taɓa gwada ta a babban gari. A birnin Yangon na ƙasar Myanmar, wadda a da ake kira Bama, masu bincike sun haɗa kai da mutanen wata unguwa, suka riƙa sa 'ya'yan mazari a cikin mazuban ruwan gidaje. Rahoton da suka fitar a 1990 ya nuna sauron da ke haihuwa a waɗannan mazubai ya ragu ƙwarai. Ban ce kwalba ɗaya za ta kori zazzaɓi daga unguwa ba. Gidan sauro mai magani da zuwa asibiti da wuri suna nan a matsayinsu. Abin da nake cewa shi ne, yaron da ya san fuskar tsutsar sauro ba zai wuce ta ya ƙyale ba har ya tsufa.

Dalilina na uku shi ne, ƙwarin nan suna ba da labarin lafiyar ruwa. Wasu ba su rayuwa sai a ruwa mai tsabta da isasshiyar iska, wasu kuwa, kamar jajayen tsutsotsin da ke cikin kwata, sun fi yawa inda ruwa ya lalace. A Afirka ta Kudu akwai wani tsari da ake kira miniSASS, inda 'yan makaranta ke zuwa rafi da rariya, su duba irin ƙananan halittun da ke ciki, daga nan su gane ko rafin lafiya yake ko ya gurɓata.

Mutanen Japan sun ga amfanin wannan sani, amma sai bayan da suka yi hasara. Su mutane ne masu son ƙwari, har ɗaya daga cikin tsofaffin sunayen ƙasarsu ma'anarsa tsibirin mazari. Babban ƙwaron nan mai ƙafafu kamar lauje, su suna kiransa tagame, kuma a da ya cika gonakin shinkafarsu. Da aka yawaita fesa maganin ƙwari, aka kuma cika ƙauyuka da fitilun da ke janye shi daga ruwa, sai ya ɓace daga wurare da dama. A 2020 gwamnati ta hana kama shi don sayarwa, a 2023 ta yi wa babban buzuzun ruwansu irin wannan doka, amma ba ta hana mai sha'awa ya kama ya kiwata ba. Har wa yau, a makarantun firamare da yawa a can, kafin a wanke tafkin iyo na makaranta da farkon zafi, sai a sa yara su kwashe 'ya'yan mazarin da suka taru a ciki, su rene su a aji ko a gida har su tashi. Mu ma noman shinkafa yana ta bunƙasa a fadamunmu, feshi kuma yana ƙaruwa. In ba wanda ya san abin da ke cikin ruwanmu yau, wa zai lura ranar da ya ɓace?

Yanzu bari in juyo ga abin da iyayenmu za su ce, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Za su ce, kai da kake maganar yaƙi da sauro, ga shi ka kawo ruwa ka ajiye a gida, ka kuma zuba tsutsarsa a ciki. Wannan magana gaskiya ce. Kwalbar da aka bari a buɗe, ko aka manta da ita, gonar sauro ce. Maganinta shi ne a rufe bakin da ƙyallen tsohon gidan sauro a ɗaure tam, kada kuma a zuba tsutsar da ta fi wadda zai cinye a yini. Yaron da ba zai iya kiyaye wannan ba, a zubar da ruwansa, ni ma ina goyon baya.

Za su ce kududdufi gidan cuta ne. Wannan ma haka yake, kuma shi ne haɗarin da ya fi ba ni tsoro. Tsargiya, watau fitsarin jini, daga wasu ƙananan dodon koɗi na ruwa take fitowa, ta huda fatar wanda ya shiga ruwan ko da bai sha ba. Ga kuma faɗawa rami mai zurfi, domin kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini ba a sanin zurfinsu daga sama, kuma sun ci yara da yawa. Saboda haka mai neman ƙwaro ba shi da dalilin sa ƙafa a ruwa. Daga baki zai tsaya, da rariya ɗaure a dogon sanda, tare da babba a kusa. Kada ya sa dodon koɗi a kwalbarsa ko guda, in ya gama kuma ya wanke hannu da sabulu. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya gaya wa iyaye a kai shi asibiti, akwai magani.

Za su ce abin zai ciji yaro. Ɗan mazari ba shi da dafi. Amma babban ƙwaron nan mai baki mai tsini, da mai iyo a rigingine, suna sukar mutum da zafi ƙwarai. Bugu da ƙari, a wasu ƙasashen Afirka ta Yamma masu bincike sun sami ƙwayar cutar wani mugun gyambo da ake kira Buruli a jikin wasu ƙwarin ruwa masu cizo. Don haka shawarata ita ce a bar masu cizon nan a inda suke, a kalle su daga nesa, kuma kowane iri ne a ɗauke shi da cokali, kada a sa hannu.

Akwai masu cewa, kiwon da ba a ci ba a sayarwa, ina amfaninsa? Akuya dai in ta haihu a sayar a biya kuɗin makaranta. Ban musa ba. Amma kanari ma ba a cinsa, ba a kuma hana kiwonsa ba. Wannan kiwo bai cin dusa, bai cin ƙwandala, ba ya ɓarna a gonar maƙwabci. Abin da yake bayarwa shi ne haƙuri da lura da cika alkawari, domin abin da ka tsare a kwalba ba shi da kowa sai kai. Kuma in aka duba sa'o'in da muke kashewa a hutu muna latsa waya, rabin sa'a a gaban kwalba ba shi ne zai kayar da mu jarrabawa ba.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wata kakata, da ta ce, halittar Allah tana zaman lafiya a gidanta, don me za a ɗaure ta? Amsar da na iya ba ta ita ce, wanda ya tsare rai, haƙƙinsa yana wuyansa. In ya bar shi da yunwa, ko ya bar kwalbar a rana ruwan ya yi zafi ya mutu, ya ɗauki alhaki. Shi ya sa na fi son ɗan mazari a kan sauran: shi baƙo ne na 'yan makonni, ranar da ya yi fiffike dole a buɗe masa ya tafi. Buzuzun ruwa kuwa, in an gama kallonsa, a mayar da shi kududdufin da aka ɗebo shi.

Ga wanda ya sami izinin iyayensa yana so ya gwada, abin ba shi da wuya. A sami kwalba mai faɗin baki ko robar da ake ganin ciki, a wanke ta sarai kada a bar ɗigon sabulu. A zuba yashi mai tsabta kaɗan a ƙasa, da ɗan tsiron ruwa da aka ɗauraye don ya sami maɓoya. Ruwan sama ko na rijiya ya fi. In na famfo ne, a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe a cikin ɗaki don maganin da aka sa masa ya fita. Kada ruwan ya yi zurfi, kamar tsawon yatsa ya isa. A kafa kara mai kaushi wanda ya fito sama da ruwa sosai, domin in ba abin hawa ranar fita, nutsewa zai yi. Kowace kwalba ɗa guda, gama in aka haɗa su babba zai cinye ƙarami. A ajiye a inuwa, nesa da randar sha da wurin girki, inda hannun ƙananan yara ba ya kaiwa. A riƙa kwashe ragowar abinci, a canja rabin ruwan in ya fara dishi-dishi. Kada a fesa maganin sauro ko a kunna mai hayaƙi kusa da shi, domin maganin bai san na gida da na waje ba. Daga ƙarshe a sami ɗan littafi a riƙa rubuta rana da abin da aka gani, da zanensa. Wannan littafin shi ya raba mai wasa da mai neman ilmi.

Mu da ke makarantar kwana muna da wata matsala: kiwo ba ya jiran hutu, kuma ba a yarda a ajiye irin wannan a ɗakin kwana ba. Dokar nan daidai ce, ban nemi a karya ta ba. Roƙona ga hukumar makaranta da malamanmu na kimiyya shi ne a ware mana ɗan lungu a ɗakin gwaje-gwaje, a jera kwalabe biyar ko shida a zangon damina, a sa ɗalibai su riƙa kula da su bi da bi a ƙarƙashin idon malami. Masu neman abincin kiwon su ne za su riƙa zagaya bayan ɗakunan kwana da wurin wanki da bayan kicin suna kwashe tsutsar sauro. Makaranta ba za ta kashe ko sisi ba, ga darasi a aikace, ga kuma raguwar maɓoyar sauro.

Ga iyayenmu kuma, maza da mata, ina roƙo da ladabi: in ɗanku ko 'yarku ta zo da kwalba, kafin a ce a zubar, a tambaye ta mene ne a ciki, me yake ci, ina murfinsa, a ina ta samo, da wa ta je. In ta amsa daidai, a ba ta lungu a gindin bango. In ta kasa, a sa ta mayar da shi ta je ta koyo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙasar da sauro ke kashe wa yara haka tana bukatar 'ya'yan da suka saba duban cikin ruwa tun suna ƙanana. Likitoci da masu binciken da muke fata su fito daga cikinmu, daga irin wannan tambaya da leƙe-leƙe suke farawa.

'Yan'uwana ɗalibai, damina tana tafe. Wanda zai gwada ya nemi izini tukuna, ya kiyaye sharuɗɗan nan, in mun dawo hutu ya zo mana da littafinsa mu kwatanta. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kare mu da ƙannenmu daga cuta, amin.